Zuwa ga Abba, kafin tafiyarka Iten

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da 'yan ɗakinku. Mu nan lafiya lau, Ummanku tana gaishe ka.

Takardar izinin tafiya ta iso tun ranar Talata, tana nan a aljihun rigata ban sa hannu ba. Ba ƙin tafiyar nake ba. Duk mai gudun dogon zango yana son a ce ya taka jar ƙasar Iten, garin 'yan tsere da ke Kenya, kuma sati shida ya isa jiki ya amfana.

Ka san inda za ka. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Iten kuwa kusan 2,400. Oksijin ɗin da ke cikin iska bai sauya ba, kashi 21 cikin ɗari ne ko'ina, iskar ce ta yi shara-shara, duk numfashi ɗaya kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da ka saba zai kawo maka. Ƙoda na jin haka sai ta saki sinadarin EPO, ɓargo ya shiga ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Wannan aikin sati uku zuwa huɗu yake ɗauka, kuma sai da sinadarin ƙarfe a jiki, don haka hanta da wake da ganye kada su yanke maka. Kwana goman farko gudun hira kawai za ka yi, wanda kana yi kana iya magana da na gefenka. Da asuba, kafin ka sauko daga gado, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya cif ka rubuta. In ya ɗara yadda ya saba da bugu goma, kwana biyu a jere, ranar hutu ce. Kilomitan sati kada ka ƙara musu fiye da ɗaya bisa goma, in ba haka ba ƙashin ƙwauri zai iya tsagewa. Kuma kada ka bi ayarin gudun ranar Alhamis don a ce kai ma ka bi. Yaran nan a tudun aka haife su.

Da tudu kaɗai ke yin gwani, da mutanen Nepal da Bolibiya sun kwashe lambobin duniya. Colm O'Connell, ɗan ƙasar Ayalan, ya zo makarantar St Patrick ta Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa, bai san horar da 'yan tsere ba, ya koya ta hanyar zura wa yara ido. A hannunsa David Rudisha ya taso, wanda ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Koci na ƙwarai da abin da ya sani game da jikin yaro yake aiki.

To nan ne maganar da ta hana ni barci. Ƙanwarka ta ce ta ji ka a waya kana cewa ba za ka rubuta AS a takardar lafiya ba, wai kada a cire sunanka. Kada ka huce a kanta, ni na matsa mata.

Abba, kai ne za ka ɓoye wannan? Kai da ka kwana a barandar asibiti tare da mu shekarar da ka sani? Na yarda AS ba sikila ba ce, kuma akwai masu AS da suka kai ƙololuwa a wasanni. Amma abu huɗu ke sa ƙwayar jinin mai AS ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi: ƙarancin oksijin, ƙishirwa, zafin jiki, da gudun ƙure ƙarfi ba hutu. Tudu zai ba ka na farko da na biyu kyauta, koci da bai sani ba zai ƙara maka sauran da hannunsa, yana ganin alheri yake maka. Ryan Clark, ɗan ƙwallon Amurka mai AS, ƙato mai cikakken horo, ya buga wasa a Denba a 2007, mita 1,600 kacal, sai da aka cire masa saifa. Tun 2010 manyan jami'o'in Amurka ke neman sakamakon gwajin AS kafin ɗan wasa ya fara atisaye, don a san yadda za a horar da shi, ba don a kore shi ba. Kai kuma da wayonka na shekara goma sha bakwai ka fi su sani ke nan?

Ka haddace alamomin. Ɗaurewar jijiya ta yau da kullum, naman wurin yakan yi tauri kamar dutse, ka yi ta ihu. In jinin ne ya lanƙwashe kuwa, ƙafa ce za ta saki, ta yi laƙwas, naman da laushinsa, sau da yawa cikin minti biyu zuwa uku na gudu mai tsanani. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da ke harbawa kafaɗa, saifa ce. Fitsari kalar baƙin shayi, naman jiki ne ke narkewa yana bi ta ƙoda. Ko ɗaya ka gani, tsaya nan take, ba a jarumta da shi. A sa maka oksijin, a wuce da kai babban asibitin koyarwa na Eldoret, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Ranar da kake zazzaɓi ko gudawa, ko kana azumi, babu gudu mai ƙarfi. Gorar ruwa kada ta bar hannunka, iskar can busasshiya ce, sanyi kuma yana ɓoye ƙishi.

Na san kana cewa na cika tsoro, tun ranar da na hana ka tseren nan na tsakar rana. Ka faɗa, ba komai. Ni ne na saya maka takalmin farko, kuma ban taɓa cewa ka bari ba.

Ka zo gida ranar Asabar. Za mu je a auna jininka, mu cike takardar tare, ka rubuta AS da hannunka, in kira kocin ina ji kana ji, sannan in sa hannu. Ummanku ta sa a yi maka kilishi, ta ce ka taho da rigar sanyin nan ta gyara mata zif.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.