Wasiƙa ga Iyaye: Sabon Daɓe, Alli da Wasan Yara

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Muna fata kowa ya shiga bazara lafiya.

Daɓen simintin da kuka haɗa kuɗi aka zuba a gaban azuzuwa ya cika kwana 28 da magina suka nema, ya yi ƙwari, an buɗe wa yara. Godiya ta musamman ga maigadinmu, wanda ya yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma a makon farko ba tare da an tuna masa ba. Shi ya sa bai tsage ba.

Sai dai tun ba a je ko'ina ba, wani ɗan aji huɗu ya fasa leɓe, wata yarinya kuma ta goge gwiwa har ta yi jini. Babban dalilin shi ne: yara sun kwaso wasan ƙasa sun kawo shi kan siminti. Langa, kokawa da duk wasan ture-ture na kan yashi ne, can bayan darbejiya, kuma can za su ci gaba. Kan daɓe wasan alli kaɗai muka yarda da shi.

Babba a ciki ita ce 'yar gala-gala, wadda iyaye mata sun fi mu saninta. Ga yadda muke zana ta a nan, don na gida ya zo daidai da na makaranta. Gida takwas ne: 1, 2 da 3 a jere, 4 da 5 gefe da gefe, 6 shi kaɗai, sai 7 da 8 gefe da gefe. Faɗin kowane gida santimita 40 ga 'yan aji ɗaya da biyu, 50 ga manya. In gida ya yi ƙanƙanta, yaro yana taka layi ya yi ta faɗuwa har wasan ya gundure shi. In ya yi girma, ƙaramin yaro yana miƙa ƙafa fiye da kima ya zame. Yaro zai jefa abin jifa a gida na 1, ya tsallake shi da ƙafa ɗaya, ya sauke ƙafa biyu a inda gidaje suke gefe da gefe, ya juyo daga ƙarshe, ya sunkuya ya ɗauka, ya fito. Wanda ya taka layi ko jifarsa ta fita waje ya ba na bayansa.

Abin jifar nan shi ne inda muka fi samun matsala. A ƙasa tsingaro yana faɗawa ya tsaya. A siminti kuwa yakan yi tsalle ko ya fashe, gutsuren ya yanki mai tafiya ba takalmi. Marfin kwalba kuma gangarawa yake. Malamar aji uku, Allah ya saka mata da alheri, ta ɗinka 'yan jakunkuna daga ragowar atamfa, kowace kamar tafin hannun yaro, ta zuba yashi cokali uku ta ɗinke baki sau biyu. Inda aka jefa, nan take zama. Uwar da ke da keken ɗinki ta taimaka mana da biyu ko uku.

Malamin lissafi ya ja dogon layi daga 0 zuwa 20, taku ɗaya tsakanin lamba da lamba. Ya ce "bakwai a tara da biyar", yaro ya tsaya a kan 7 ya yi tsalle biyar ya faɗi inda ya sauka. Ɗebewa kuma baya ake komawa. 'Yan aji ɗaya suna da da'irori masu haruffa, b kusa da ɓ, d kusa da ɗ, k kusa da ƙ: malama ta ce "ɓera", kowa ya ruga da'irar ɓ. Wasu yaran da ba su taɓa buɗe baki a aji ba, a nan muryarsu ta fi ta kowa.

Sharuɗɗa, kuma ba za mu sassauta ba. Sai an share daɓe kafin a fara, domin siririn yashin da iska ke kwasowa shi ke sa santsi. Lokacin wasa hutun safe ne kawai. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, siminti kuma ya fi iska zafi nesa. Malami zai ɗora bayan hannunsa a kai, in bai iya jurewa ba, babu wasa ranar. Silifas mai tsinkakkiyar igiya da aka ɗaure da waya ko ƙusa shi ya kayar da yarinyar da muka ambata. Don Allah ku duba ƙafafun 'ya'yanku kafin su fito.

Maganar alli. Na allo don karatu aka kawo shi, kuma siminti yana cinye sanda guda kafin a gama zanen gala-gala ɗaya. Mun san masu cika aljihu da shi, su ma sun san mun sani. Na wasa mu muke yi da garin POP irin na silin: gwangwani biyu na gari a gwangwani ɗaya na ruwa, a zuba garin cikin ruwan a juya da sanda, a ɗura a takardar kwali da aka naɗe kamar bututu aka toshe gindinta. Cikin kusan rabin awa zai daskare, amma a bar shi kwana biyu a inuwa kafin a ɓare. In ruwa ya yi yawa, allin zai riƙa marmashewa. Wannan aikin manya ne: garin yana ɗaukar zafi yayin daskarewa, kada yaro ya tsoma hannu ciki, kada kuma a zubar da ragowar a magudana, toshe ta zai yi. Ɗan tsoma bakin allin a ruwa kafin zane yana sa layi ya fito sosai, ƙura ta ragu, wanda ya fi wa masu asma sauƙi.

Gawayi a jikin bangon da aka shafa wa fenti bara kuwa, duk wanda aka kama, mahaifinsa zai zo da bokiti su wanke tare.

A taƙaice: makara ta sake dawowa, musamman ranar kasuwa, kuma mun san 'yan matan da ake ɗora wa talla da safe. Jarrabawa na tafe, a sayi fensir. Taron iyaye da malamai ranar Asabar da hantsi, a zo da katin rigakafin 'yan aji ɗaya.

Wassalam,
Shugaban Makaranta