Ladabin nema wa aboki ƙuri'a a gasar intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wayoyinmu, wato nema wa aboki ko ɗan'uwa ƙuri'a idan ya shiga gasar da ake zaɓen gwarzonta ta intanet. Irin waɗannan gasanni sun yawaita ƙwarai, akwai ta waƙa da ta ɗaukar hoto da ta ƙananan 'yan kasuwa masu neman jari, har da ta jarirai, kuma dalilin yawaitarsu a bayyane yake, domin masu shiryawa sun gane cewa da zarar an ce jama'a ne za su zaɓa, to kowane ɗan takara ya zama mai yi musu talla kyauta, shi da danginsa da abokansa.

Ba na cikin masu ganin roƙon kansa a matsayin laifi. Wanda ƙanwarsa ta koyi ɗinki ta shiga gasar da za ta iya samun keken ɗinki ko jarin buɗe shago, bai yi abin kunya ba idan ya sanar da mutanensa, hasali ma yin shiru a irin wannan lokaci shi ne gazawa a zumunci. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta yi albishir da rabo ga wanda ya yi ceto mai kyau, kuma aya ɗin ce dai ta yi gargaɗi ga wanda ya yi mummunan ceto. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake yin roƙon, domin a nan ne ake ɓata abin da asalinsa alheri ne.

Duk mai WhatsApp ya san saƙon. Yakan shigo zauren tsofaffin ɗalibai ko na dangi da sassafe, yana cewa: "Don Allah don Annabi a taimaka a zaɓi lamba ta bakwai, 'yar'uwarmu ce, ana iya zaɓe sau goma a rana, wanda ya yi ya turo hoton shaida." Ba a faɗi sunan gasar ba, ba a faɗi wanda ya shirya ta ba, ba a nuna aikin da 'yar'uwar tamu ta yi ba, balle a ambaci cewa akwai wasu 'yan takara. Abin da aka nema kawai shi ne a danna. Ni kuwa a ganina ƙuri'a shaida ce, ko da a gasar hoto aka kaɗa ta, domin mai kaɗa ta yana cewa ne wannan aikin ya fi sauran. Wanda ya ce da ni in zaɓi abin da ban gani ba ya nemi in ba da shaida a kan abin da ban sani ba, kuma ƙanƙantar gasar ba ta canza hakan. Roƙon da ya dace shi ne a ce ga aikin da wane ya yi, ga inda ake gasar, ka duba, idan ya gamsar da kai ka zaɓe shi. Mai faɗin haka ya girmama abokinsa ɗan takara, domin ya nuna ya yarda aikinsa zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya kuma girmama wanda ya roƙa, domin ya bar masa hankalinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne neman hoton shaida. Mu mutane ne masu kara da kunya, kuma da wuya Bahaushe ya iya cewa a'a ga wanda ya haɗa shi da Allah a gaban jama'a. Masu roƙo sun san haka, shi ya sa wasunsu ke jera sunayen waɗanda suka zaɓa a cikin zaure, suna yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, ta yadda duk wanda sunansa bai fito ba zai ji kamar an nuna shi da yatsa. Wani ma sai ya biyo ka ta bayan fage ya ce, "Yaya, ban ga naka ba." Wannan ya tashi daga neman taimako ya koma karɓar haraji. Mutum yana da dalilai da yawa na ƙin zaɓe waɗanda ba dole ne ya faɗa ba: wataƙila ɗan maƙwabcinsa ma yana cikin gasar, wataƙila yana ganin aikin wani ya fi, wataƙila kuma gasar ce ba ta kwanta masa a rai ba. Idan an roƙa sau ɗaya, aka tuna masa sau ɗaya dab da rufewa, to an sauke nauyi, kuma shirunsa amsa ce da ya kamata a karɓa ba tare da an ƙullace shi ba.

Sai batun kuɗi, wanda masu roƙo kan ɓoye da cewa "minti ɗaya ne kawai". Wasu gasannin ta saƙon tes ake zaɓe kuma ana cire kuɗi a kowane saƙo, wasu kuwa a fili suke sayar da ƙuri'a, sai ka biya ta katin banki. Ko waɗanda ake kira kyauta suna cin data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ba kowa ne ke da datar buɗe shafi mai nauyi sau goma a rana ba. Gaskiya ita ce a faɗa wa mutum tun farko abin da zai kashe da kuma abin da za a tambaye shi, ko lambar waya ce ko adireshin imel, domin waɗannan bayanai dukiyarsa ce, kuma Najeriya ta yi dokar kare su a shekarar 2023.

Daga nan ne haɗarin da ya fi girma yake shigowa. 'Yan damfara sun lura da yadda muka saba danna duk abin da aka turo da sunan taimakon ɗan'uwa, sai suka mayar da roƙon ƙuri'a tarko. Suna turo saƙo daga layin wani da suka riga suka ƙwace, mutumin da ka sani ka yarda da shi, a ce ka zaɓi 'yarsa. Idan ka shiga sai a nemi lambar wayarka, can sai saƙo ya shigo da lambobi shida, a ce ka rubuta su domin tabbatar da ƙuri'arka. Waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Na ga yadda hakan ya faru da wata dattijuwa a danginmu, wadda ba ta yi komai ba sai amsa roƙon da ta ɗauka na ƙawarta ne. Kafin la'asar an tura wa 'ya'yanta da matan islamiyyarsu saƙo da sunanta cewa tana asibiti tana neman rance, kuma akwai wadda ta tura kuɗi kafin a ankara. Saboda haka duk wanda zai tura wa mutane mahaɗin gasa, wato adireshin shafinta na intanet, wajibi ne ya fara buɗe shi da kansa ya tabbatar da ingancinsa, ya kuma rubuta saƙon da kalmominsa ta yadda za a gane shi ne ke magana, maimakon ya tura abin da aka turo masa.

Game da zaɓe da layuka uku ko huɗu, da karɓar wayoyin yara da na masu aikin gida a zaɓa da su, da biyan masu sayar da ƙuri'un bogi, magana gajeriya ce. Idan dokar gasa ta ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, to wuce hakan algus ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai keɓe intanet ba. Wanda aka cuta a nan yaro ne ko yarinya da ta yi aiki mai kyau amma ba ta da yaya mai zauruka ashirin.

Ya kamata kuma a san wurin da ake roƙo. Zauren da aka buɗe domin sanarwar masallaci, ko na iyayen yara da malamai, ko na ma'aikatan ofis, yana da abin da aka buɗe shi dominsa, kuma ladabi shi ne a nemi izinin mai kula da shi. Na sha ganin roƙon ƙuri'a ya faɗo a tsakiyar jerin ta'aziyya, mutane na rubuta addu'a ga mamaci wani na tura hoton ɗan takara. Shugaba ma ya kamata ya yi hattara da roƙon na ƙasa da shi, domin malamin da ya ce da ɗalibansa su zaɓi ɗansa, ko maigidan da ya ce da yaransa haka, ya san umarni za su ji ko da ya ce roƙo ne. Idan gasa ta ƙare kuwa, a dawo a faɗi sakamako a yi godiya, ko an ci ko ba a ci ba, domin yawancin masu roƙo suna ɓacewa ne daga ranar da aka rufe zaɓe.

Masu shirya gasa su ma suna da nasu alhakin. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, da gasar rubutun gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, duk alƙalai ne ke yanke hukunci a cikinsu, kuma wannan ne ya sa wanda ya yi nasara ba ya buƙatar kare kansa. Ko gasar finafinai ta AMVCA, wadda sunanta ma zaɓin masu kallo ne, ta bar wasu rukunai a hannun alƙalai. Ina kira ga masu shirya ƙananan gasanni a garuruwanmu da su rage kason da ƙuri'ar jama'a ke da shi a sakamako, su bayyana dokokinsu da Hausa, su kuma faɗi a fili inda kuɗin ƙuri'a yake tafiya. Ina kuma roƙon wannan jarida, duk lokacin da aka kawo mata tallan irin wannan gasa, ta tambayi masu ita waɗannan abubuwa kafin ta buga.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna