Wasiƙa daga Buruklin

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara, ya zafin Kano? Ka gaida min Hajiya. Ka yi haƙuri da shirun nan, aiki ne ya sha kaina.

Kwanaki ka tambaye ni wai Yahudawan Amurka duk bakinsu ɗaya ne kan Isra'ila? Ni ma da haka na ɗauka, sai da na fara aikin kula da wani dattijo Bayahude na ga ashe ko a gida ɗaya ba a jituwa.

Tsohon ya haura tamanin da biyar, iyayensa daga Folan suka zo, dangin da suka bari can kuwa Hitila ya ƙarar da su. Yana yaro aka kafa Isra'ila a 1948, ya ce ranar uwarsa ta sha kuka. Har yau akwai wani ɗan asusu shuɗi na gwangwani a kicin ɗinsa wanda suke jefa sulalla a tura can. Sau biyu kacal ya taɓa zuwa, ba ya jin Ibraniyancin hira, amma ka taɓa Isra'ila ka ga ɓacin rai. A wurinsa mafaka ce in duniya ta sake juya musu baya, shi ke nan, ba ya son jin wata magana.

Ɗansa ya tashi da labarin yaƙin kwana shida na 1967, yana alfahari da ƙasar, yana kuma zagin Netanyahu amma a falo kawai, ba a gaban baƙo ba.

Jikar ce rigima. Ta je tafiyar nan ta Birthright da aka fara a 1999, ana kai matasansu kyauta kwana goma don su ƙulla zumunci da can, ita kuwa sai ta dawo da tambayoyi kan Falasɗinawa, kuma a Oktoban 2023 tana cikin Yahudawan da suka cika tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York suna neman a tsagaita wuta a Gaza, kakan ya yi wata guda bai ɗaga wayarta ba. Ba ita kaɗai ba ce fa, binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Pew na 2020 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na 'yan 65 zuwa sama suna jin Isra'ila a ransu, 'yan ƙasa da 30 kuwa ba su kai rabi ba. Ga kuma 'yan Satmar, wani ɓangare na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a unguwar Williamsburg ta nan Buruklin, masu dogon gemu da baƙar hula, su tun asali ba su yarda da kafa ƙasar ba sai Almasihu ya zo.

Abin da ya ɗaure min kai, daren idinsu na Pesak su ukun suka haɗa baki suka ce "baɗi a Urushalima" kamar yadda kakanninsu ke faɗa. Dokar Isra'ila ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar komawa can, 1970 aka ƙara har jikoki, amma ba wanda ya haɗa kaya a cikinsu.

Sai na tuna Hausawan Sudan da suka tsaya a hanyar hajji, jikokinsu na jin sunan Kano ba su taɓa ganinta ba. Jiya ma autana ya ce min Kano ai garin Baba ne. Don Allah in mai zuwa ya samu ka aiko min da kilishi da yaji, in ga ko zan jawo shi ta ciki.

Naka har kullum.