Idan Mai Neman Shawara Ta Zargi Abokin Aikinka, Sirrin Nata Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in taɓo wata matsala da masu aikin ba da shawara a makarantu, asibitoci da ƙungiyoyin agaji na Abuja ke cin karo da ita. Mace ta zo ta zauna, ta ce wanda yake ba ta shawara a da ya riƙa nemanta da lalata, ko yana karɓar kuɗinta a bayan fage, sannan ta ce, "Don Allah kada ka gaya wa kowa." Wanda ake zargin kuwa abokin aikinka ne, wataƙila ƙofar ofishinsa na kallon taka.

A ganina, muddin baliga ce mai hankali, ita ce mai ikon cewa a fitar da maganar ko a bar ta. Hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanan majiyyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta, ko da buƙatar iyaye ko mai kula idan yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini ba, ko idan yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Jin haushin abokin aiki ba ya cikin jerin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jan mutumin gefe a yi masa nasiha da sunan rufin asiri. Ko ba ka ambaci suna ba, nan take zai gane wadda ta yi magana, domin ya san wadda ya yi wa. Daga nan sai kiran waya da barazana, ko ya gyara fayil, ko ya riga ta kai magana wajen mijinta. Haka ma neman ra'ayi a zauren WhatsApp na ma'aikata. Da ka ce "wata matar aure mai 'ya'ya uku daga Kubwa da ke zuwa ranar Talata", ai ka gama faɗin sunanta.

Abin yi shi ne a ranar ka rubuta kalamanta yadda ta faɗa, da kwanan wata da lokaci, ka ware su daga fahimtarka. Kada ka shiga bincike, kada ka sa mata magana a baki, domin zargi ne tukuna, shi ma yana da haƙƙi. Ka shaida mata cewa abin da ta bayyana ya saɓa wa ƙa'idar aiki, da yawa suna zaton laifinsu ne. Sai ka nuna mata ƙofofin: hukumar wurin aiki, ko MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, idan likita ne, ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, wadda ke kula da dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 a Abuja, idan cin zarafi ne. In ta amince, takardar izinin ta fayyace abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa. Kai ma ka nemi shawarar mai duba aikinka bayan ka cire duk abin da zai nuna ta, kuma ka tabbata shi ba aminin wanda ake zargi ba ne.

In ta ƙi, ka riƙe, ka sake taɓo maganar bayan zama biyu ko uku ba tare da matsi ba. Wannan ne wuri mafi ɗaci a aikin. Amma ba a ɗaure hannunka ba: ka daina tura masa mutane, kuma abin da ka gani da idonka, kamar kulle ƙofa da mace bayan an tashi aiki, za ka iya kai rahotonsa, tunda ba sirrinta ba ne.

Hukuncin yana canzawa idan yarinya ce 'yar ƙasa da shekara 18, wadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kariya, ko kuma akwai barazana ga rai. Nan dole a kai rahoto, amma a fara sanar da ita, a faɗi iya abin da ake buƙata. Shi ya sa nake roƙon shugabannin cibiyoyinmu su sa waɗannan iyakoki a takardar zaman farko, da Hausa ga mai jin Hausa, a karanta wa wadda ba ta iya karatu ba kafin ta fara buɗe cikinta.

Wassalam,
Wani mai ba da shawara, Garki, Abuja