Sun rufe mana kadarko, yanzu ta cikin ruwa yara ke bi

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ruwa? Ni mai sauraronku ne daga nan Marwa, jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, tela ne ni, rediyona a kunne yake a shago tun safe har magariba.

Maganar kadarkon unguwarmu ce ta sa na rubuto. 'Yar gada ce ta ƙafa, ƙarfe da katako, babur ma ba ya hawa sai dai mai keke ya tura, amma ita ce ta haɗa mu da tsallaken mayo, wato kogi, inda lakwal (makarantar boko) take da asibiti da maƙabarta. Yau sati 5 kenan aka wayi gari an zo da mai walda an gicciya ƙarafa gaba da baya, an liƙa takarda da Faransanci wai akwai haɗari. Takardar ma kwana biyu ruwa ya wanke ta.

Tsakani da Allah ban ce ƙarya suka yi ba. Katakan sun ruɓe, ƙafa ɗaya ruwa ya cinye gindinta, in ka hau kana jin tana rawa. Kuma ba ɗan Marwa da ya manta gadar Palar da ta karye a daminar 2020, babbar gada a kan hanyar Mora da Kuseri, balle wannan tamu. To amma duk wanda ya san mayo ya san halinsa, rabin shekara da ɗoriya yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki, mata na tona rami suna ɗiban ruwa, masu amalanke na kwasar yashi (su ma da nasu laifin, a gindin kadarkon suke haƙa, mun yi magana har mun gaji). Duk ranin nan da in an rufe kowa zai bi ta ƙasa ba mai cewa uffan, ba wanda ya leƙo. Sai da Agusta ta kama mayo ya cika, ga komawa lakwal a Satumba, sannan aka tuna da mu.

Wanda ya sa hannu aka rufe yana zaton ya hana mutane tsallakawa ne. Wallahi bai hana ba, ya dai sauko da su cikin ruwa. Zagayowa ta babbar gada tafiya ce mai nisa, kilando, wato ɗan acaɓa, da muke hawa sefa 100 yanzu 300 yake cewa, ni yara huɗu gare ni a lakwal, zuwa da dawowa ka lissafa mini, ɗinki nawa zan yi a rana? Shi ya sa da safe za ka gansu sun tuɓe yunifom sun ɗora a ka tare da littattafai suna ratsawa, samari kuma sun samu sana'a, goyo sefa 50. Kuma ruwan nan ba ya sallama, daga duwatsun Mandara yake gangarowa, nan gari rana tarwai ko gajimare babu sai kawai ka ji ƙugi, kafin ka ce kwabo ya kai ƙirji. Babba ma ya sha da ƙyar ina ga ɗan shekara 7.

Satin da ya wuce aka yi mana rasuwa, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Allah ya jiƙanta. Maƙabartar ga ta can muna hangowa, da a kafaɗa za mu ɗauki makara mu haye, sai da aka yi karo-karo aka ɗauko mota, tsofaffi da yawa ba su samu rakiya ba. Masu nono da ke shigowa da hantsi sun daina biyowa ta wajenmu, mai ƙosan bakin kadarko ta tattara kaskonta, ni kaina masu kawo mini ɗinki daga tsallake sun ragu.

Mun je wajen mai unguwa da kanmu muka ce muna da masu walda muna da kafintoci, a ba mu izini da injiniya ɗaya ya duba mana, kuɗin katako mu za mu haɗa. Bawan Allah ya kai maganar gaba, aka ce masa a jira. Jiran har yaushe, shi ne ba a faɗa ba.

Don Allah Malam Edita ku karanta wannan a shirinku ko za ta kai kunnen masu abin. In gyara za a yi a faɗa mana wata, in kuɗi ne babu a bar mu mu taɓa, kafin nan ko kwalekwale ɗaya a ajiye mana da wanda ya iya ruwa, na safe da na tashi daga lakwal. Gobe Litinin ce ranar babbar kasuwa, daren jiya kuma an kwana ana walƙiya ta wajen duwatsu.

Na gode, a gaida ma'aikata.
Mai sauraronku, wani tela daga Marwa.