Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya kai mu Dahab da Dutsen Sina

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda na yi ta zarya a ofishinku na nan Yamai, na kira waya, na tura saƙo ta WhatsApp, kullum amsar ɗaya ce: darakta ya fita, a dawo gobe. Tunda ba a saurare ni a cikin ɗaki ba, zan yi magana inda masu shirin ba ku kuɗinsu za su ji.

Tallarku ta ce hutu ne a bakin teku a garin Dahab na ƙasar Masar, sannan ziyarar Dutsen Sina, inda ake cewa Allah Ya yi magana da Annabi Musa, alaihis salam. Don wannan ziyarar na biya wa mahaifina kujera, tare da ni da maiɗakina. Baba dattijo ne mai ciwon gwiwa da hawan jini. Kafin in ƙirga kuɗi na tambayi ma'aikacinku, a gaban Baba, ko tsoho zai iya hawan. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ɗan tattaki ne, kuma raƙumi zai kai shi har sama."

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta fi ci mini rai.

Tsayin dutsen nan mita 2,285 ne. Da tsakar dare ake fara hawansa, cikin duhu, da fitilar hannu, don a riski fitowar rana a ƙololuwa. Hanya biyu gare shi: matakala ta dutse wajen 3,750 da sufayen Kirista suka jera, da kuma hanyar raƙuma mai zagaye. Raƙumin yana da iyakarsa. Inda ya durƙusa, akwai sauran matakala kusan 750 da babu mai hawa maka su sai ƙafarka. Duk wanda ke sayar da wannan tafiya ya kamata ya san haka, in kuwa bai sani ba, bai kamata ya sayar ba.

Ga kuma sanyi. Cikin Janairu kuka kai mu, lokacin da ruwa ke daskarewa a kan dutsen, wani sa'in har ƙanƙara ta sauka. Hunturun da muke kuka da shi a Yamai ko kusa bai kama ƙafar wannan ba. Babu wanda ya ce mana mu riƙo rigar sanyi mai kauri, ko safar hannu, ko takalmi rufaffe. Baba da babbar riga da rawani da takalmin fata ya hau raƙumi. Da muka isa ƴar rumfar da ke kusa da gindin matakalar ƙarshe, inda Larabawan ƙauye ke sayar da shayi suna ba da hayar bargo, na miƙa masa kofi, hannunsa na rawa har shayin ya zube masa a riga. Jagoranmu, wani matashi ɗan ƙabilar Jabaliya, shi ya lulluɓe shi da bargo biyu ya zauna yana murza masa ƙafafu. A nan Baba ya yi sallar Asuba a zaune. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku ƙarasa, ni nan ne rabona." Ban iya barinsa ba. Masallacin da ke ƙololuwa, wanda tun daga gida yake zancen zai yi nafila a ciki, bai gan shi ba.

Wannan jagoran, Allah Ya saka masa da alheri, ashe ba ku biya shi ba, duk da rasit ɗinku ya nuna kuɗinsa da na raƙumi suna ciki. Daga aljihuna na biya duka biyun.

Da muka sauko da hantsi, muka nufi gidan ibadar Santa Katarina da ke gindin dutsen, wanda aka gina tun ƙarni na 6 zamanin Sarki Justiniyan, mai masallaci a cikin ganuwarsa tun zamanin Fatimiyawa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Yana cikin jadawalinku da manyan baƙaƙe. Amma daren Asabar kuka sa mu hawa, muka sauko Lahadi, ranar da ba a buɗe wa baƙi. Bango kawai muka kalla muka shiga mota.

Dahab kuwa ba ta da laifi. Gari ne mai natsuwa a gaɓar Tekun Aƙaba, ruwa garai-garai, da maraice kana hango duwatsun Saudiyya a ɗaya ƙetaren. Sai dai otel ɗin da kuka ce yana bakin ruwa yana can bayan babbar hanya, sai an shiga tasi. Hutun ma bai yiwu ba, domin sanyin ya kama ƙirjin Baba, sauran kwanakin tsakanin likita da kantin magani muka yi su, wayar wakilinku kuma a kashe.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin jagora da na raƙumi, da bambancin otel ɗin da na biya da wanda aka ba mu, da abin da na kashe wajen magani. Duk takardun suna hannuna. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, ku gyara tallarku. Ku rubuta tsayin dutsen, da awannin hawa, da sanyi, da inda raƙumi ke tsayawa, ku kuma daina cewa dattawa ɗan tattaki ne. Na ga har yanzu kuna tara mutane don tafiya ta gaba, cikinsu akwai tsofaffi daga Tawa da suka girmi Baba.

Ina jiran amsarku a rubuce kafin ƙarshen wata. In ban samu ba, zan kai takarduna ga ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye.

Wassalam,
Wanda ya yi hulɗa da ku, daga unguwar Wadata, Yamai