Godiya ga ofishin tace littattafai na Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum. Mu marubutan da muka kawo muku aiki a bana muna so jama'a su shaida abin da kuka yi, musamman Malamar da ke kan teburin tace labari. Allah ya saka mata da alheri.

A wasu wuraren, ba sai mun kama suna ba, kuɗi za a karɓa shafi-shafi, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa, a ce an gama. Ita kuwa ba ta ɗaukar jan biro sai ta san irin labarin, don kowanne da yadda ake siffanta abu a cikinsa.

A na soyayya ta soke jerin nan da kowa ya haddace, fara sol, doguwa, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Mai karatu tsallake shi yake yi. Abu biyu ta bari, waɗanda idon masoyi kaɗai zai kama: lallen da ya fara koɗewa a yatsu, da yadda yarinyar ke jan mayafi in an ambaci sunansa. A na binciken kisa, shaidar ake sakawa cikin kaya uku ko huɗu na yau da kullum, a ba su tsawon jimla iri ɗaya. In makulli ne shaidar, ya ci layi biyar, buta ta ci kalma biyu, asiri ya tonu tun babi na farko. Na aljanu, ƙara da wari su riga ido.

Inda ta fi ba mu mamaki shi ne labarin tarihi. Wani ya sa ɗan kasuwa yana ƙirga naira a 1965, ta mayar da shi fam da sule, don sai 1973 naira ta fito. Motar cikin labarin ma ta mayar da ita hannun hagu na titi, tunda sai 1972 aka koma dama. Wa ke duba wannan yanzu?

Bugu da ɗinkin bango sun yi kyau, an kuma cika alkawarin rana. Abin takaicin, littattafai nawa ne jibge a kasuwa, na soyayya da na yaƙi duk da bayanin falo iri ɗaya, kujerun fata da labule ruwan zuma, kuma an biya wani kuɗin tacewa.